Laifin Wa Ne Idan Sun Ƙi Leƙawa?

Makon jiya wani abokina, wanda muka daɗe muna kallon sararin sama tare, ya kira ni yana huci. Ya gayyaci mutum shida su zo su ga taurari da na'urar hangen nesa. Biyu suka zo, su biyun ma ba a yi rabin awa ba suka fara duba agogo. Sai ya yanke hukunci: "Malam, mutanen yanzu ba su da zurfin tunani. Waya ta cinye musu ƙwaƙwalwa. Ni dai na daina gayyatar kowa."

Maganar ta ɓata mini rai, na kwana ina juya ta. Abin da ya sa ta tsaya mini a wuya shi ne na san ta. Ni ma na taɓa faɗin ta, kusan kalma da kalma, kuma ranar da na faɗa ban yi wa mutanen adalci ba.

Ga inda na tsaya. Idan kana da wani abin sha'awa da ba kowa ya damu da shi ba, kana ta jan na kusa da kai suna zamewa, to kaso mafi tsoka na laifin yana wajenka. Muna cika wa mutane kunne tun idonsu bai ga komai ba. Muna fara musu da abin da mu kanmu sai da muka shekara muna fama kafin mu ji daɗinsa. Idan kuma ba su zama irinmu a dare ɗaya ba, sai mu ce ba su da tunani. Abin da ke kanmu shi ne mu nuna, mu kuma iya nunawa. Su kuma suna da cikakken iko su ce abin bai yi musu ba, ba tare da an rage musu daraja ba.

Da kallon taurari zan yi misali domin shi na sani. Amma mai tara kan sarki, da mai bin tsuntsaye da littafi a hannu, da mai gyaran tsofaffin agogo, da mai raba dare yana laluben tashoshin rediyo na nesa, duk na tabbata za su ga kansu a ciki.

Daren da na kori mutum uku

Na kai shekara huɗu da na'urata lokacin da na shawo kan abokaina uku suka biyo ni. Na zaɓi daren da babu wata, domin haka gwanaye suke yi: hasken wata yana dusashe taurari masu rauni. Na sa suka kashe wayoyinsu, na zaunar da su cikin duhu, domin ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma leƙa waya sau ɗaya yana rushe duk wannan jiran.

Waɗannan mintuna ashirin kuwa ban bar su sun huta ba. Na yi bayanin madubin da ke gindin na'urar, na yi na wanda ke kusa da baki, na jero sunayen taurari, na faɗi nisan wannan da na wancan. Ina cikin nishaɗi, ban lura cewa tun tuni "to" da "haka ne" kawai suke amsa mini ba.

Daga nan na juya na'urar zuwa abin da na fi ƙauna a sama, wato gungun taurarin nan da ake kira Andoromeda. Na farko ya sunkuya, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe.

"Malam, ban ga komai ba fa."

"Kada ka kalle shi kai tsaye. Ka ɗan kawar da idonka gefe."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka ce in kalla, kuma ka ce kada in kalla?"

Abin da na faɗa masa gaskiya ne. Tsakiyar ido ba ta da ƙarfi a cikin duhu, gefensa ya fi kama haske mai rauni, shi ya sa duk mai wannan harka yake koyon kallon abu ta wutsiyar ido. Amma ga wanda bai taɓa yi ba, maganar kamar wasa da hankali take. Ya sake sunkuyawa, can ya ce, "Wannan ɗan hayaƙin? Shi ke nan?"

"Shi ke nan" ɗin nan ta yi mini zafi. A hanyar komawa gida ne na faɗi irin maganar da abokina ya faɗa mini makon jiya.

Sai daga baya na zauna na yi wa kaina hisabi. Me mutumin nan ya gani? Ɗan farin tabo mai kama da hayaƙi. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, da ya rubuta bayanin wannan abu a shekarar 964, da ƙaramin gajimare ya kwatanta shi. Wato abokina bai yi ƙarya ba, bai kuma raina komai ba, abin da ke gaban idonsa ya faɗa. Ni kuwa idan na leƙa, ina ganin haske ne da ya baro gida kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce, ina ganin taurari biliyoyi ɗaruruwa sun dunƙule sun zama ɗigo. Amma wannan ganin a cikin kaina yake, shekaru na yi ina tara shi kaɗan-kaɗan, kuma na'urar ba ta nuna shi. Na so mutum ya ji cikin daƙiƙa biyar abin da ni na yi shekara huɗu ina gina shi.

Su ukun babu wanda ya sake biyo ni, kuma yanzu ba na ganin laifinsu.

Bayan wata biyu ko uku, wani abu ya faru ba tare da na shirya ba. Na fito da na'urar da magariba ina gyara saitinta, wata yana rabi. 'Yar yayata, mai shekara tara, ta zo ta tsaya a bayana.

"Kawu, me kake leƙe?"

Hannuna yana kan wani ƙaramin noti da ya ƙi ɗauruwa, don haka ban samu bakin yin bayani ba. Kujera kawai na turo mata da ƙafa na ce ta hau ta gani. Ta sa ido. Shiru. Ina iya ganin ɗan farin hasken watan a kan ƙwayar idonta, alamar ta kama shi daidai.

"Kawu, ramuka ne! Da yawa! Har da wani a cikin wani!"

Ta riƙe gefen kujera da hannu biyu, ba ta ɗago ba. Can kuma ta ƙwalla ƙara: "Kawu, yana gudu! Ya kusa fita!"

Nan ne kaɗai na yi magana, don ita ta jawo. Na ce mata mu ne muke juyawa da ƙasar da muke tsaye a kanta, shi ya sa yake zamewa daga cikin madubin. Ta sauko daga kujerar, ta dubi ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta, ta dubi sama, ta koma ta hau. Daga nan ta ruga ta jawo mahaifiyarta. Kafin a jima maƙwabcinmu dattijo ya leƙo yana tambayar lafiya, shi ma aka ba shi kujera.

Rabin wata ya fi cikakken wata kyan kallo a na'ura, domin a kan iyakar da haske da duhu suka haɗu rana tana haskawa ne a karkace, kowane dutse da kowane rami sai ya fito da inuwarsa. Na san wannan tun da daɗewa. Amma da na tashi gayyatar abokaina, na guje wa wata da gangan, don a wajen gwanaye wata abin 'yan koyo ne. Na hana su abin da kowane ido zai gane nan take, na kai su ga abin da zai nuna ƙwarewata. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa a daren farko sai na sa ji ya kori gani.

"To, mene ne amfaninsa?"

Kada a ɗauka na wanke ɗaya ɓangaren tas. Akwai tambaya ɗaya da ake jefa wa duk mai irin wannan sha'awa, kuma ba na ganin adalci a cikinta: mene ne amfaninsa, me kake samu?

Ban taɓa jin an tsare mai kallon ƙwallo an ce ya kawo ribar minti 90 da ya yi a gaban talabijin ba. Ba a tambayarsa saboda yana da jama'a. Abin da mutane miliyan suke yi ba ya buƙatar hujja, amma na mutum goma sai ya kare kansa kamar mai laifi. Wannan rashin daidaito ne, kuma duk wanda ya taɓa yi wa wani dariya don yana tara tsofaffin taswirori ya kamata ya tambayi kansa me ya sa nasa abin ya fi.

Wasu kuma, da sun ji kalmar taurari, sai su ɗauka duba kake yi, su ce ka faɗa musu abin da gobe za ta haifar. Wannan da bayanin jimla biyu yake warwarewa: duwatsu da iskar gas da haske nake kallo, ba su san sunan kowa ba.

Kuskurenmu a nan shi ne yadda muke amsa tambayar amfani. Nan da nan sai mu shiga jero nasarori. Mu ce ai a watan Yulin 2009 wani mai sha'awa a Ostareliya, Anthony Wesley, daga bayan gidansa ya fara hango baƙin tabon da wani abu ya bari bayan ya afka wa duniyar Mushtari, wato Jufita, kafin manyan cibiyoyi su juya na'urorinsu can. Mu ce ai akwai ƙungiya a Amurka da tun 1911 take tattara bayanan da masu sha'awa suke aiko mata kan taurarin da haskensu ke raguwa yana ƙaruwa, masana kuma suna aiki da su. Duk gaskiya ne, kuma ina alfahari da su.

Amma ba don su nake fita cikin sanyi ba. Ban taɓa gano komai ba, ba na kuma sa ran ganowa. Idan na kare kaina da nasarar wasu, na amince ke nan cewa jin daɗi kaɗai bai isa dalili ba, na kuma ba mai tambayar gaskiya. Yanzu idan aka tambaye ni, cewa nake yi ina jin daɗinsa, yana kwantar mini da hankali, in tsaya nan. Na lura mutane sun fi girmama wannan amsa a kan doguwar lacca, wasu ma daga nan suke cewa, "To, wata rana ka nuna mini."

"Idan ba mu matsa ba, abin zai mutu"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu naci a cikinmu suke da ita, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Mutum ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi, saboda hasken fitilu ya rufe ta. Yaro zai iya girma har ya tsufa bai san akwai ta ba. Idan masu sani suka naɗe hannu suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wa zai nuna masa?

Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Shi ya sa ban ce a daina nunawa ba, kuma shi ya sa nake ganin abokina ya yi kuskure da ya ce ya daina gayyata. Abin da nake ƙi shi ne naci, kuma nuni da naci ba abu ɗaya ba ne.

Mutumin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne John Dobson, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 98. Ya ƙirƙiro hanyar haɗa babbar na'urar hangen nesa da tarkace: katako, da bututun kwali, da gilashin tagar jirgin ruwa da yake gogewa da hannu har ya zama madubi. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, ya bar wa kowa, har yau kuma irin wannan na'ura da sunansa ake kiran ta. A ƙarshen shekarun 1960 shi da wasu suka fara kafa na'urorinsu a bakin titi a birnin San Faransisko na Amurka, suna kiran masu wucewa su zo su ga wata ko Zuhal, duniyar nan mai zobe.

Ku dubi tsarin. Bai ce kowa ya bi shi daji ba. Bai nemi kowa ya ba shi dare guda ba. Mutum yana tafiyarsa, ya tsaya minti ɗaya, ya leƙa, ya wuce. Mafi yawansu ba su sake waiwayar abin ba har abada, kuma hakan bai sa ya tattara kayansa yana zagin zamani ba. A cikin dubban da suka leƙa, 'yan kaɗan ne suka tsaya suka yi tambaya, waɗannan su ya koya wa goge madubi. Ya ba kowa dama, bai bi kowa bashi ba.

Mu kuwa sai mu zaɓi mutum biyar da muka fi kusa da su, mu ɗora musu dukkan burinmu, mu yi ta bibiya: yaushe za ka zo, ka karanta abin da na turo maka, ka kalli bidiyon? Har ta kai mutum yana ganin kiranka gabansa ya faɗi. Wanda da an bar shi wataƙila wata rana da kansa zai tambaya, yanzu ya tsani abin tun bai san shi ba.

Kuma ko an iya nunin, ba lallai a dace ba. Galileo da kansa, shahararren masanin taurarin nan na Italiya, bayan ya gano watanni huɗu da ke zagaya Mushtari a watan Janairun 1610, ya ɗauki na'urarsa zuwa birnin Bolonya na Italiya a watan Afrilun shekarar don ya nuna wa taron malamai. Na'urar ƙarama ce, mai wuyar saiti, idanunsu kuma ba su saba ba, aka tashi yawancinsu ba su gamsu ba. A wani garin ma akwai malamin da ya ƙi leƙawa sam. Idan hakan ta faru da mutumin da ke riƙe da sabon abu da ɗan Adam bai taɓa gani ba, ban ga dalilin da zai sa ni in yi fushi don abokin aikina ya yi hamma ba.

Wani zai kawo mini misalin Caroline Herschel, ya ce ga wadda aka ja da ƙarfi kuma ta zama gwana. Gaskiya ne yayanta William, mawaƙin da ya gano duniyar Yuranus a 1781 da na'urar da ya ƙera da hannunsa, shi ya janyo ta daga harkar waƙa ya mai da ita mai taya shi aiki, tana rubuta abin da yake gani. Amma a duba lokacin da abin ya zama nata. Sai da ya ba ta ƙaramar na'ura tata ta kanta, ya bar ta ta riƙa share sama ita kaɗai. A 1786 ta gano tauraruwa mai wutsiya tata ta farko, ta ci gaba har ta kai takwas. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, muddin mutum yana tsaye a gefenka yana kallon yadda kake jin daɗi, ɗan rakiya ne. Ka sakar masa na'urar ya juya ta da kansa, ko da zai ɓata maka saiti.

Thomas Bopp ma, wanda sunansa ke jikin tauraruwa mai wutsiyar nan da duniya ta yi ta kallo a 1997, ba shi da na'ura tasa a daren da ya hango ta a watan Yulin 1995. Ta abokinsa ce, aka ba shi ya leƙa.

Idan na gida ne fa?

A nan ne maganar take da ciwo, kuma duk abin da na faɗa a sama bai taɓa wannan ciwon ba. Baƙo a titi ya leƙa ya wuce, babu damuwa. Amma matarka fa, ko mijinki, ko aminin da kuka taso tare? Ashe ƙauna ba ta haɗa da son abin da masoyi yake so ba?

Na san wannan kaɗaicin. Daren da na fara ganin zoben Zuhal da idona, ƙaramin abu fes kamar an zana shi da alƙalami, na ɗago da sauri na juya don in ce wa wani "zo ka gani," babu kowa a bayana. Farin cikin da ba ka da wanda za ka nuna wa yana da wani irin nauyi. Mafi yawan nacin da muke yi daga nan yake fitowa. Muna cewa ilimi muke son yaɗawa, alhali abokin zama muke nema.

To, idan haka ne, mu roƙi abin da muke so da sunansa. "Zo ka so abin da nake so" roƙo ne da babu wanda zai iya cika shi da niyya, don sha'awa ba ta bin umarni. "Zo ka zauna da ni minti goma" kuwa kusan duk mai ƙaunarka zai iya.

Maiɗakina ba ta damu da taurari ba, kuma na yi shekaru ina jin haushin hakan a ɓoye. Ranar da na daina yi mata jarrabawa, na daina cewa "kin tuna sunan wancan?", sai abubuwa suka sassauta. Yanzu takan fito jefi-jefi ta zauna, ta leƙa sau ɗaya ko ma ba ta leƙa ba, mu yi hirar da ba ta shafi sama ba, ta koma ciki. Wani lokaci ina zaune da yamma na fid da rai saboda hadari, sai in ji ta daga tsakar gida: "Maigida, sama fa ta washe." Ba ta san inda Andoromeda take ba, amma tana duba mini sama. Na daɗe ban gane cewa wannan ma shiga ce cikin abin da nake so ba.

Sannan akwai tambayar da ba mu son a yi mana. Ita tana da tukwanen shuke-shukenta, ta san wanda ke son rana da wanda ke son inuwa, ta san wanda ake dasa reshensa da wanda sai da iri. Sau nawa na tsuguna kusa da ita na tambaya? Lokacin da na yi wa kaina wannan tambaya, ko sunan uku daga ciki ban iya kawowa ba. Wanzami ba ya son jarfa. Mu da muke kukan an ƙi sauraron mu, sau da yawa mun fi kowa ƙosawa idan wani ya fara bayanin nasa abin. Wanda bai taɓa ba da minti goma ga sha'awar wani ba, ban san da wane baki zai nemi a ba shi dare guda ba.

Masu cewa a koma intanet

Akwai masu cewa a huta da wahala, a nemi 'yan'uwa a intanet, tunda kowace irin sha'awa tana da jama'arta a can. Shawara ce mai kyau, ni ma na amfana, kuma tana sauke wa iyali nauyin da bai kamata a ɗora musu ba.

Illarta ɗaya nake gani. Idan gwanaye suka daɗe suna magana da junansu kawai, sukan manta yadda ake magana da baƙo. Sabon shiga ya zo da murna ya nuna ɗan hoton wata da ya ɗauka da waya, ko ya tambayi sunan tauraron nan mai haske da ke fitowa bayan faɗuwar rana, maimakon a ce masa Zara ce, kuma duniya ce irin tamu, sai a tare shi da gyare-gyare da raina kayan aikinsa. Washegari mutanen nan su ne za su zauna suna kukan matasa ba sa shigowa.

Intanet ta kuma jawo mana wani aiki. Kowa ya ga hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba sararin samaniya a 1990, da na James Webb da aka harba a 2021, masu launuka kamar an watsa fenti. Waɗannan hotuna ana tara haskensu ne na tsawon lokaci, a sarrafa su da kwamfuta. Ido ba ya tara haske haka, don haka abin da za ka gani a na'urar bayan gida fari-fari ne, ƙarami, mai rauni. Idan ba ka faɗa wa baƙonka wannan tun kafin ya sunkuya ba, kai ka shirya masa jin an yaudare shi. Ni yanzu nakan ce, "Ƙarami ne sosai, amma shi ne da kansa, haskensa ya yi tafiyar sama da awa ɗaya kafin ya shigo idonka." Da wannan kaɗai nake nuna Zuhal, kuma fiye da sau ɗaya an zagaya gaban na'urar ana dubawa ko hoto na liƙa.

Na kira abokina bayan kwana biyu. Na tambaye shi me ya fara nuna musu. Ya ambaci wani gajimaren gas mai rauni wanda ni kaina sai na yi da gaske nake kama shi. Na tambaye shi minti nawa ya yi yana magana kafin su leƙa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai dole su san abin da za su gani." Na ba shi labarin 'yar yayata da kujera.

Ba mu rabu a kan cikakkiyar yarjejeniya ba. Har yanzu yana ganin waya ta ɓata mutane, ni kuma ina ganin wayar ba ta hana yarinya mai shekara tara riƙe kujera da hannu biyu ba. Amma ya yarda ya sake gwadawa idan wata ya kwana bakwai: wata kawai, minti goma, a ƙofar gida, kuma ba zai ce uffan ba sai an tambaye shi. Ya kira mutum biyun nan da suka duba agogo. Ɗaya ya ce zai zo. Ɗayan ya ce yana da uzuri, abokina ya ce masa babu komai.